Cajar Aro a Ranar Suna

Ku matsa mini daga bakin fanka tukuna, sannan mu yi magana. Tun da kuka sauko daga masallaci kuka cika mini shago, kun shanye mini shayi, ga shi kuma ina ji ɗayanku yana cewa wai aikin nan ba komai ba ne, mutum ya kalli bidiyo biyu a waya shi ma ya zama mai gyara. Madalla da ku, 'yan jami'a. Kallon kitse kuke wa rogo. Kuna ganina zaune a inuwa, ga tabarau a goshi, ga hayaƙin dalma yana tashi, sai ku ce ai Baba Habu hutawa yake ana biyansa. To ku zauna in ba ku labari, wanda ya gaji ga hanya nan.

A nan unguwar Dengfeng ta Guangzhou in ka ce Habu, mutum huɗu za a nuna maka. Ka ce Habu Mai-dalma, ko ɗan Sin mai sayar da ruwa a bakin layi zai kawo ka nan. Gyaran rediyo na fara a Kano, a wata rumfa cikin kasuwar Sabon Gari, kuma ban ɓoye muku ba, a wancan zamanin rabin gyaranmu mari ne. Rediyo ta yi shiru, ka ɗaga ta, ka kai mata ɗaya a ƙeya, ta kama magana, mai ita ya ce Allah ya yi albarka. Da wannan ilimin na zo Guangzhou sayen kayan waya wa wani yayana, ina jin kaina injiniya.

Wayata ce ta mutu a satin farko, na kai ta wurin wani dattijo ɗan Sin da ke da tebur a ƙarƙashin bene, ana ce masa Lao Tan. Na miƙa masa waya, bai ko kalle ta ba. Sai ya buɗe mini tafin hannu yana jira. Na zaci kuɗi yake so tun kafin aiki, na ce a raina ashe halin nan har Sin ya zo. Ya girgiza kai, ya nuna bango, ya nuna gindin wayar. Caja yake nufi. Na zaro cajar da na ara a masauki, ya juya bayanta, ya karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa, ya dube ni kamar yadda likita ke duban wanda ya sha maganin shanu. A nan tsaye ya gyara ta, ni kuma tun daga ranar ban daina zuwa ƙarƙashin benen nan ba, har na zama ɗan gida.

Kada ku zaci ya ba ni ƙarfen dalma na riƙe. Ina! Buhu ya jawo mini, cike da caja, tsofaffi da sababbi, ya ce in ware su. Kowace in juya bayanta in karanta: bolt nawa take bayarwa, ƙarfinta nawa, ina kan wuta yake, tsakiyar baki ko gefe. Na yi watanni ina wannan, ni da na bar rumfata da yarana a Kano. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, abin da muka haɗu a kai kalma ɗaya ce, meyo, wato babu, ko a'a, ko ba ka da hankali, gwargwadon yadda ya ja ta. In na jefa ta bolt sha tara cikin 'yan sha biyu, sai in ji ƙotar buroshi a bayan hannuna. Bayan nan ya koya mini shanshana. Ya ƙona abu da gangan ya kai mini hanci. Wannan warin kifi ne, kafasta mai tara wuta ta fashe. Wannan ɗaci ne mai kama maƙogwaro, abin rage wuta ya tafi. Shifu nake ce masa, wato maigida a sana'a, shi kuma har muka rabu bai iya faɗin sunana daidai ba.

Abin da buhun nan ya koya mini shi ne ciwonmu, mu mutanen gida. Ƙa'idarmu ɗaya ce: in baki ya shiga rami, magana ta ƙare. In bai shiga ba, a fere shi da reza, a tokare da tsinken ashana. Sannan mun tashi a ƙasar da wuta ke zuwa a gajiye, ƙwan lantarki yana ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin barci. Saboda haka duk ranar da muka ga abu yana gudu fiye da kima, ba ma tsorata, murna muke, mu ce yau an kawo ta cikakkiya. Nan kuwa wuta ba ta wasa, abin da aka rubuta shi za ta ba ka, ko ya yi wa kayanka daidai ko ya kashe shi.

Kayan aikina ga su nan gabanku, ba su da yawa. Ƙarfen dalma, bulawa mai hura iska mai zafi, hantsaki, madubin ƙara girma, tsohon buroshin haƙori da kwalbar sifirit. Gwangwanin alewar can kada wanda ya buɗe, ba alewa a ciki, 'yan ƙananan kaya ne da nake cirowa daga matattun alluna, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, atishawa ɗaya ta ishe su. Mitar gwada wutar nan mai fasasshen gilashi kuwa, wadda ɗayanku ya ce in jefar in sayi sabuwa, ita ce babbar yaya a shagon nan. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan kwastoma ko ɗaya ba.

Wani Alhaji ya taɓa kawo mini injin aski, ya rantse da girman Allah haka kawai ya mutu yana ajiye. Na buɗe, na ga ruwan miya a ciki har da ɗan ganyen alayyahu. Duk haka suke. Bakano zai ce wallahi ban taɓa shi ba. Mutumin Nijar zai ce kuran ɗin ne, wato wutar, ba shi da kyau. Na Gana zai yi dariya ya ce ƙaninsa ne, alhali ƙanin yana Kumasi. Tunda nake, ban taɓa ganin wanda ya shigo ya ce Baba Habu, ni na kashe shi da hannuna ba. Shi ya sa ba na tambayar me ya faru. Hannu nake buɗewa irin na Shifu, in ce ina cajar.

Tukunyar dafa shinkafa ta wata tsohuwa 'yar Sin ita ce aikina na farko bayan an bar mu mun fito daga kulle a shekarar annoba. Waccan shekara ba ta da daɗin tunawa. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwarmu ba mai zuwa, wanda ke nan yana neman hanyar gudu. Titin Guangyuan da ba ka samun wurin sa ƙafa saboda masu jan buhunan kaya, sai ka tsaya a tsakiyarsa ka ji kukan tsuntsu. Ni da nake gyaran wayoyi masu tsada na koma gyaran tukunya da fitila da abin kashe sauro, wata rana ladana ƙullin kayan miya ne. A shekarar Shifu ya tattara ya koma ƙauyensu. Ya bar mini kujerarsa da mitar nan, ya dafa kafaɗata, ya ce meyo a hankali, ya tafi. Na ji zafin tafiyarsa ƙwarai, ba zan ce ban ji ba. Amma akwai waɗanda shekarar ta fi ni dukansu, kamar Isufu.

Isufu mutumin Damagaram ne, yana zaune nan bayan layinmu, aikinsa kuma a Xintang, garin wandunan jins. 'Yan kasuwa na aiko masa oda, shi yake bin ɗakunan ɗinki yana duba kaya kafin a ɗaure. Matarsa Halima ta je ganin gida na wata guda, aka rufe hanya tana can. Wata guda ya zama shekaru. Mun ga Isufu ya rame, yana cin taliyar leda a tsaye, yana hira da waya kamar taɓaɓɓe. Da Allah ya sa aka buɗe ta dawo, har ta haifi 'ya mace, sai murna ta zo da nata sharaɗin, domin uwar Halima ta biyo jirgi ta zo jego.

Hajiya Tabawa ke nan. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta kalle ka sai ka duba ko rigarka a bai-bai take. Tun daga filin jirgi ba abin da ya yi mata. Ruwan wankan jego daga bango yake fitowa, ba a ga itacen da ya dafa shi ba. Gida a sama kamar na tantabaru. Ta yanke hukunci cewa da zarar takardun jaririya sun fito, za ta kwashe 'yarta da jikarta su tafi wanka gida kamar yadda aka saba. Isufu ya ji kalmar gida, ya tuna yadda wata guda ke zama shekaru. Ya aika a ba ta haƙuri. Ta ce ƙasar da ba a iya hura wutar ragon suna, ba ƙasar da za a yi jego ba ce. Shi kuma bakinsa ya ja masa, ya ce a gaya wa Hajiya za ta ci bandar da ko a Damagaram sai an tona. Ta ce to, a yi mu gani. In nama ya yi, a nan za ta yi arba'in ɗin. In bai yi ba, a nemo tikiti uku.

Abin da Isufu ya dogara da shi na san shi, don ni na haɗa masa. Kun san a garin nan ba a hura wuta a fili, kafin hayaƙi ya kai taga ta biyu 'yan kwana-kwana sun iso. To shi yana da wata tsohuwar durowar ƙarfe mai tsayin mutum a kan rufin wani ɗakin ɗinki a Xintang, matar da ke da wurin ta yarje masa. Gawayi a ƙasa, nama a rataye a sama, ƙofa a rufe. A jikinta akwai 'yar akwati da ba ta fi tafin hannu ba, mai allon lamba. Wani tsinken ƙarfe yana shiga cikin durowar yana jiyo zafi, ita kuma akwatin tana ba wata ƙaramar fanka umarni. Zafi ya sauka, ta hura gawayi. Ya kai inda aka ce, ta tsaya. Aikinta ke nan, kuma bolt sha biyu take ci, na faɗa masa, na sake faɗa masa.

Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka raɗa wa yarinya Fatsima, aka kai rago mayanka aka yanka da sunanta. Ina shago da hantsi ina cin abincin sunan da aka aiko mini, sai ga waya. Isufu ne.

"Malam Habu, mashin ta haukace."

Na ce, "Ta mutu ko ta haukace?"

"Lamba ta ɓace, fanka kuma ta ƙi tsayawa. Wuta har ta lashi hannun ragon. Haka kawai, wallahi, ban taɓa..."

Na ce, "Isufu, da wace caja ka sa ta?"

Ina jin ƙarar kekunan ɗinki ta bayansa. Can ya ce ai cajar akwatin ya cire tun zuwan Hajiya, ya sa wa akwatin intanet na gida, don ta riƙa ganin mutanen Damagaram a waya ko ranta ya yi sanyi. Yau da ya zo sai ya ari ta kwamfutar ofishin ƙasa. Bakin ya shiga daidai, kamar don ita aka yi shi.

"Kuma da na sa, Malam Habu, ka ga yadda fankar ta ɗauka? Ban taɓa ganin ta da ƙarfi haka ba. Har na ce alhamdulillahi."

Na ce, "Ka yi hamdala a kan bolt sha tara. Zare ta, ka toshe ramin iska, ga ni nan."

Ragon suna ba a yanka shi sau biyu, wannan kowa ya sani. Ga zafin garin nan mai ruwa-ruwa, ɗanyen nama ba ya jiran kowa. Na rufe shago, na zuba kaya a jaka har da gwangwanin alewa, na bi jirgin ƙasa.

Da na hau rufin, abin da na tarar ya kusa sa ni dariya a inda bai kamata ba. Wanduna shuɗɗa a shanye ko'ina. Isufu tsugune a can gefe, kansa a ƙasa, hula a hannu. Hajiya Tabawa kuwa, wadda ta ce sai ta ga wutar da idonta aka hau da ita benen nan, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta yago kwali, tana zaune a bakin durowar tana fifita. Gawayin nan na Sin ne, dogaye masu rami a tsakiya, ba ta san halinsu ba. Ta fifita su yi shiru, ta gaji ta tsaya su tashi. Gumi har haɓa. Suruki da suruka, ba mai kallon wani, ba mai yi wa wani magana. Ganina sai duk suka sami bakin magana.

Ta ce, "Kai ne ɗan Kanon? To Allah ya sa ba surutun kawai ka kawo ba, don ku shi kuka iya. Ka gaya wa wancan, hannun rago guda ya zama gawayi."

Isufu yana taku uku daga inda take. Na juya na ce, "Isufu, an ce hannun rago ya ƙone."

Ya ce, "Ka ce mata a yi haƙuri."

Na ce, "Hajiya, an ce a yi haƙuri."

Ta ce, "Na ji shi, ba kurma ba ce ni."

Na shimfiɗa wani wando a kan buhu na mai da shi tebur, na kwance akwatin. Tun kafin murfi ya gama buɗewa hancina ya ba ni rabin labari, ga warin kifi, ga ɗacin nan. Kafasta ta kumbura kamar fanke. Abin rage wuta, ɗan baƙi mai ƙafa uku wanda ke sauke sha biyu zuwa biyar, ya tsage a baya. Wanda ke kunna fanka da kashe ta kuma ya narke a buɗe, shi ya sa take ta gudu ba birki. Duk waɗannan ba su dame ni ba, ana canza su. Abin da nake tsoro shi ne ƙwaƙwalwar, ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa a tsakiyar allo. In wutar ta tsallaka ta kai gare shi, magana ta ƙare, don abin da ke cikinsa kamfani ne ya zuba, ba a sayar da shi a kasuwa. Nan ne bidiyonku ba ya kai ku. Mai bidiyo ya riga ya san ƙarshen labari kafin ya kunna kyamara.

Na cire matattun da bulawa, na goge wurin da buroshi. Na ɗauko batirin cajin waya na aljihuna, wanda biyar yake bayarwa cif, na jona siraran wayoyi biyu kai tsaye bayan inda ya ƙone. Isufu ya matso har numfashinsa na kaɗa mini gemu. Na yi bisimilla na taɓa. Allon lambar ya yi fari, ya ɗan yi tunani, sai ga lambobi. Isufu ya yi kabbara da ƙarfi har wata mai shanya ta saki wando.

Hajiya ta ce, "Ta tashi?"

Na ce, "Ta farfaɗo dai, Hajiya, ba ta tashi ba tukuna."

Ta ce, "To ka bar washe baki, hannuna ya kusa cirewa."

Kafasta da abin rage wuta ina da su a gwangwani. Na kunna fanka ne babu. Na zazzage gwangwanin kaf a kan wandon, babu. Komawa Dengfeng da dawowa kuwa, kafin nan ko naman ya lalace ko Hajiya ta faɗi. Na sauka wurin mai ɗakin ɗinkin, wadda mutanenmu ke kira Lawbaniya, wato uwar gida mai wuri. Na nuna mata ƙonannen abin a tafin hannuna. Ta ce meyo. Na ce ko wani mataccen inji? Meyo. Na nuna sama, na kwaikwayi jariri a hannu, na kwaikwayi jirgi yana tashi, na nuna Isufu da ya biyo ni yana tsaye kamar marayan zakara. Ta dube shi, ta yi tsaki irin nasu, ta jawo wata durowa a ƙarƙashin teburin yanka. Cike take da matattun allunan kekunan ɗinki. A na uku na sami irin abin da nake nema, har ya fi na asalin ƙarfi. Ta kuma cire cajar kyamarar tsaron ƙofarta ta ba ni. Na juya bayanta na karanta a gaban Isufu da babbar murya, kamar mai karanta wa'azi, sha biyu, kan wuta a tsakiya.

Ɗaura abu mai girman ƙwayar wake a kan rufi, iska na kaɗawa, rana na dukan ƙeya, tsohuwa na yi maka baƙar magana, wannan shi ne jarrabawar da ba a yi muku a jami'a. Na ɗaura, na bi kowace ƙafa da mita. Ban yarda na mai da ita jikin durowa ba sai da na ari butar shayin Lawbaniya tana tafasa, na tsoma tsinken a ciki, lamba ta hau ta tsaya a ɗari. Sannan na ɗaure, na jona, na ce Hajiya ta huta.

Ba ta huta ba. Ta ja da baya kaɗan, kwalinta a hannu, tana harararta. Fankar ta yi ɗan kuka ta hura. Hajiya ta kai bayan hannunta jikin ƙarfen, ta buɗe baki za ta ce ya isa, sai fankar ta tsaya da kanta. Ta rufe bakin. Aka jima, ta ɗaga kwali za ta fifita, kafin ta sauke hannu fankar ta riga ta. Haka suka yi ta yi har la'asar, ita da akwatin, kamar masu wasan 'yar ɓuya. Daga baya ta ajiye kwalin, ta zauna a kansa.

Ta ce, "Ɗan Kano, wa ke gaya mata?"

Na ce, "Tsinken nan ne ke jiyo mata zafi, Hajiya."

Ta ce, "Tana ji, kuma tana tsayawa in ya isa. To ta hi wasu hankali."

Na juya zan isar da saƙo, Isufu ya ce, "Na ji, Malam Habu."

Washegari da hantsi aka kira ni rabon nama, a nan kan rufin. Aka buɗe durowa, ƙamshi ya sauka har ɗakin ɗinki, kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Naman ya yi ja, ya tsane, mai yana ɗiga. Hajiya ta sa wuƙa ta yanki ɗan kaɗan wajen haƙarƙari. Ta tauna. Ta daɗe tana taunawa, wallahi da gangan take yi. Isufu na tsugune, ya kafa wa ƙasa ido. Ta haɗiye, ta goge wuƙar, ta fara rabo. Ta ware na mai jego, ta ware na Lawbaniya, ta ba ni cinya guda, wai tunda ƙasar ba wanzami ni ne wanzami. Ƙonannen hannun nan ta tura shi gaban surukinta da bakin wuƙa.

Sannan ta ce, "Ɗan Kano, ka gaya wa wancan, yarinyar nan ta zamna ɗakinta. Arba'in a nan za mu yi ta. Amma ranar da zan tahi, 'yar akwatin nan da ni za ta."

Wannan saƙon ban isar da shi ba, don ba wanda zan isar wa. Isufu ya zauna daɓas a kan buhun wanduna, ya kife hula a fuska. Babban mutum da gemunsa, kafaɗu na rawa. Hajiya ta juya tana gyara naman da ba ya bukatar gyara, ni kuma na duƙa ina neman wani sukuru da bai faɗi ba.

Kafin ta tafi na sa aka kawo mini akwatin nan shago. Na cire ramin cajar gaba ɗaya, na ɗaura wayar caja mai sha biyu a cikin allon da dalma, na toshe da gam. Na san mutanena, Damagaram ma akwai masu kwamfuta. Isufu ya sayi wata sabuwa, ya kawo mini ita a kwalinta ko buɗewa bai yi ba, ya ce in karanta masa bayan cajar. Fatsima kuwa ita ce 'yar da ta leƙo ɗazu ta ce mini nihaw, gaisuwar Sin, ta sace mini biskit, ba ta taɓa kwana wata ƙasa ba da ubanta ba.

To, kun ji. Wanda har yanzu yake ganin aikin nan banza ne, Allah ya ba shi sa'a da bidiyonsa. Wanda kuma yake son koyo, ga buhu can bayan ƙofa, ya jawo shi nan kusa da haske. Buroshina yana hannuna.